Hannun da Ban Miƙa wa Kawu Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Litinin da hantsi a ɗakinsa a unguwar Dogo Tebo ta Potiskum, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Kafin azahar layinmu ya toshe, ko napep ba ta iya wucewa. Dillalan kasuwar shanu sun zo, 'yan lodi sun zo da ƙurar aiki a jikinsu, mutanen ruga sun jingine sandunansu a bangon masallaci.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin wannan ba, domin rabin masu kukan Kawu ya taɓa dukansu. Wani tsohon dillali ya ture hularsa ya nuna mana tabo a tsakar kansa, ya ce, "Wannan aikinsa ne. Allah Ya jiƙansa, ni na ja wa kaina." Yana dariya hawaye na bin gemunsa. Inna, wato mahaifiyata, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Duk wadda ta yi mata gaisuwa sai ta ce, "Ya huta," ta ci gaba da jan carbinta.

Da aka shimfiɗe shi a ƙofar gida, liman ya juyo ya ce, "Jama'a, ga ɗan'uwanku nan. Wanda ya saɓa wa, ya yafe masa." Sahu ya amsa gaba ɗaya, "Mun yafe." Ni ina sahun gaba, kafaɗata na gugar ta liman, bakina ya ƙi buɗewa. A bayana kuwa na ji wata murya ta faɗa da ƙarfi. Na waiga na ga wani mahauci ɗan unguwar Bolewa, hannunsa na dama a shanye cikin aljihun riga. Ni na shanye masa wannan hannun da adda, shekara bakwai da suka wuce. Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan, don kada a manta da Kawu, kuma don kada a tuna da shi rabi.

Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, lokacin da muka bar daji muka shigo gari. Gajere ne, baƙi, mai kaurin wuya, kuma ban san shi ba tare da sandarsa ba. Sandar ƙirya ce, an naɗe mariƙinta da fata, gumin hannunsa ya mai da fatar baƙa. Da ita ya koya mini karatun sallah, da ita ya koya mini kama ƙahon sa. Ba ya gargaɗi sau biyu. Amma mutumin nan da zai fasa maka kai a kan gaisuwar da ba ka durƙusa ba, na gan shi zaune a ƙasa da kan wata saniya a cinyarsa, ta karye a wajen lodi, yana yi mata magana da Fulatanci har aka kawo wuƙa. Direban da ya sa aka tunkuɗo ta daga tirela kuwa, sai da mutum huɗu suka ɗaga Kawu daga kansa.

A kasuwar shanu shi ne mai sulhu. Akwai wata rumfar kwano kusa da inda ake lodi, nan yake zama, kuma duk faɗan da ya kai ga jini can ake kai shi. Tsarinsa ɗaya ne, kowa ya haddace. Wanda ya zubar da jini zai cire hula ya durƙusa ya ce, "Na yi laifi," ya yi shiru. In ya ƙara da "amma shi ya fara," sanda ta sauka a ƙwaurinsa. Sai wanda aka ji wa ciwo ya ce, "Na yafe," ya miƙa hannu. Bayan an yi musabaha, zuciya ta sauka, sannan Kawu zai ce, "To, yanzu ku faɗa mini yadda aka yi." A nan ake bin diddigi, kuma sau da yawa wanda ya yafe ɗin shi ma sai ya durƙusa. A rumfar Kawu sai ka amsa laifi ake ba ka bakin magana. Shekara talatin yana haka, ba a taɓa kai maganar da ya yanke gaban hukuma ba, shi kansa bai taɓa taka ƙofar kotu ba.

Ranar da abin ya faru, ranar kasuwa ce, rana tsaka. Ina cikin masu lodin shanun da za su tafi Kudu. Wani jan bijimi ya tsinke igiya a hannuna ya yi cikin rumfunan mahauta, ya kifar da tebur, ya take wani dattijo a ƙafa. Dattijon mahaifin wannan mahaucin ne. Ina bin bijimin riƙe da addar da muke yanke igiya da ita, sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi a haƙarƙari. Na duba na ga rigata ta rabe, jini na zuba, mahaucin ya sake ɗago wuƙa yana nufin wuyana. Ban yi tunani ba, na kai masa sara. Addar ta shiga ƙasan gwiwar hannunsa har sai da na ji ta daki ƙashi. Wuƙar ta faɗi, ya zauna cikin jininsa yana kallon hannun yana reto. 'Yan'uwansa suka yo kaina da duk abin da hannunsu ya kai, 'yan lodi suka ja ni ta ƙarƙashin tirela suka fitar da ni ta baya.

Kawu ya ƙi a kai ni asibiti, ya ce daga asibiti sai hukuma. A tsakar gida ya sa aka danne ni, ya sa wuƙa a garwashi har ta yi ja, ya bi bakin raunin da ita kamar yadda yake yi wa dabba. Ƙaurin naman jikina ya cika gidan, Inna ta shige ɗaki ta toshe kunne. Duk da haka hukumar ta zo, domin an kwantar da mahaucin kuma danginsa sun kai ƙara. Ba su zo rumfa ba. Kawu ya karɓi belina, aka sa ranar shiga kotu.

Da safiyar ranar, a zaure, na ce masa, "Kawu, zan ɗaga riga in nuna wa alƙali. Shi ya fara yanka ta."

Ya ɗaga sandarsa. Sandar ta sauka a gadon bayana, ta biyu a kafaɗa, ta uku a kan ƙunar da ba ta warke ba. Na faɗi ina haki. Ya tsaya a kaina ya ce, "Kai ka nakasa ɗan mutane. Za ka je ka ce ka yi laifi, ka rufe bakinka. In an kira shi ya yafe, sannan a ji naka. Ka ƙara kalma ɗaya, ba ni ba kai, kuma wallahi sai na karya ka." Inna tana bakin ƙofa ta ce, "Ka bi maganar Kawunka."

Alƙalin bai zalunce ni ba, wannan dole in faɗa. An karanta mini tuhuma da Hausa. Ya tambaye ni ko na fahimta, na ce na fahimta. Ya ce na amsa ko ban amsa ba, na ce na yi laifi. Ya cire tabarau ya ce ko wani ya tilasta ni, na ce a'a. Ya ce ina da abin faɗa kafin ya yanke hukunci? Na waiga. Kawu yana benci na biyu, sanda tsakanin gwiwoyinsa, ya girgiza mini kai. Na ce babu. Aka ba ni shekara biyar. Ana sa mini ankwa ina jin Kawu yana tambayar na kusa da shi, hankalinsa kwance, "Yaushe za a kira wancan ya yafe?" Mutumin ya ce, "Baba, ai an gama." Fuskar da Kawu ya yi a lokacin ita ce fuskarsa ta ƙarshe da na yarda na kalla har kusan shekara uku.

Ba zan tsawaita maganar gidan yari ba. A makon farko shugaban ɗakinmu, wani ƙato da ya daɗe a ciki, ya buga fuskata a bakin bokitin ƙarfe a kan wurin kwanciya, haƙorana biyu na gaba suka zube. Na koyi duka kafin a doke ni. A shekara ta biyu matata ta gaji ta nemi saki, na rubuta na ba gandiroba ya miƙa mata, ban ga laifinta ba. Duk ranar ziyara Kawu na zuwa da fura da nono a kwano. Duk ranar ina cewa a ce masa ba ni da Kawu. Yakan zauna har a tashi ziyara, ya bar kwanon ya tafi, ni kuma in ba 'yan ɗaki su shanye.

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, daga bakin Inna na ji, da bakin lauyar da ta karɓi maganata. Lauyar wata mace ce 'yar asalin Borno, ba ta da yawan magana. Ta ce ranar da Kawu ya fara shiga ofishinta ya ɗora sanda a kan teburinta ya ce yana so a koma gaban alƙali a ƙarasa shari'a, don an tsaya a rabi. Ta ce masa, "Baba, ba a tsaya a rabi ba. Wanda ya musa laifi aka kama shi da shi, yana da hanyar ɗaukaka ƙara a buɗe. Wanda ya amsa da bakinsa, tasa ƙarama ce ƙwarai. Ga shi lokacin ɗaukakawar ma ya wuce, sai mun roƙi babbar kotu ta ba mu izini. Abu ɗaya zai taimake mu, in za a nuna ba da son ransa ya amsa ba. Wa ya sa shi?"

Ya ce, "Ni."

"Shawara ka ba shi?"

"Duka na yi masa."

Ta ce, "Za ka rantse a kan haka a rubuce, a karanta a gaban jama'a da sunanka?"

Ya ce a kawo abin dangwala hannu.

Aka yi ta ɗaga zama, yana bin mota zuwa Damaturu yana dawowa, tsohon da ko kujerar mota ba ya so. Ranar da aka karanta rantsuwar an kawo ni, kuma mutanen kasuwa sun cika benci. Aka karanto duka ukun ɗaya bayan ɗaya, da inda kowanne ya sauka, da maganar da ya faɗa a kaina. Aka tambaye shi ko haka ne. Ya miƙe ya ce, "Haka ne." Bai ce ya yi don alheri ba, bai ce bai san kotu ba. Ban kalle shi ba, muryarsa kawai na ji.

Labari ya riga shi komawa Potiskum. Ranar kasuwar da ta biyo aka kawo masa wasu 'yan lodi biyu da suka fasa wa juna baki. Ya ce wa ɗaya ya durƙusa, sai matashin ya ce, "In durƙusa ka tura ni inda ka tura ɗan ƙanwarka?" Kowa ya ja baya yana jiran ƙarar sanda. Kawu ya dube shi, ya naɗe buzunsa ya fita. Bai sake zama a rumfar nan ba har ya mutu.

Babbar kotu ta soke hukuncin ta ce a sake shari'a daga farko. Inna ta yi guɗa, lauya ta ce ta dakata. Sake shari'a ba saki ba ne, ana iya mayar da ni, har ma a ƙara mini. Babu takardar asibiti da ta nuna an yanke ni, kuma tabon da ke haƙarƙarina ya zama tabon ƙuna, ba mai cewa wuƙa ce, saboda aikin Kawu. 'Yan lodin da suka gani sun watse, wasu suna Kudu. Mutum ɗaya ya rage wanda ya san gaskiya, shi ne mai shanyayyen hannu.

Kawu ya tafi Bolewa da la'asar shi kaɗai. Ya yi sallama, ƙannen mahaucin biyu suka fito, suka gane shi. Ya jingine sandarsa a bango, ya zauna a ƙasa ya ce ya zo ganin yayansu. Suka ce ya tashi, ya ƙi. Ɗaya ya ɗauko itacen girki ya sauke masa a kafaɗa, ƙashin wuyansa ya karye. Ɗayan ya yi ta shurinsa a ciki da haƙarƙari. Maƙwabta da suka raba sun ce sandar tana nan kusa da hannunsa, kuma ko a wannan shekarun da ya ɗauke ta da an kwashi wani. Bai ko dube ta ba. A napep aka kawo shi gida, jini ya daskare a gemunsa, sandar kuma aka bar ta can.

Bayan kwana goma ya koma da hannu a rataye, suka watsa masa ruwan wankin nama suka rufe ƙofa. Ya koma na uku. A nan ne mahaucin ya fito da kansa. Ban san duk abin da suka faɗa wa juna ba. Na dai san ranar shari'a mutumin nan ya shiga akwatin shaida, aka ba shi Alƙur'ani ya karɓa da hagu, ya ce, "Ni na fara yankarsa. Da bai sare ni ba da na kashe shi." Aka ce in ɗaga riga, na ɗaga. Kotu ta ce kare kai ne, ta sallame ni. Na yi shekara uku ba wata biyu a ciki.

Ranar da na dawo gida zaure ya cika da 'yan barka. Ina shiga Kawu ya miƙe da kyar, kafaɗarsa ɗaya ta karkace. Ya cire hula. Dattijo mai furfura, yayan uwata, ya durƙusa a gabana a kan tabarma ya ce, "Na yi laifi." Ya yi shiru, yana jiran hannuna. Na san abin da ake cewa, tun ina yaro nake jin sa. Na taɓa gurbin haƙorana da harshe, na tuna takardar da na ba gandiroba, na raɓa ta gefensa na shige cikin gida. An ce ya daɗe a durƙushe kafin wani ya ɗaga shi.

Shekara huɗu muka ƙara a gida ɗaya. Ina gaishe shi da safe, yana amsawa. Muna cin tuwo a kwano ɗaya. In ciwon kafaɗar ya matsa masa ni nake kai shi wajen gashin ƙashi. Wani lokaci har tsokanata yake yi, ya ce wawulona ya hana mata so na. Amma bai sake roƙo ba, domin a tsarinsa sau ɗaya ake yi, sauran ya rage ga wanda aka ɓata wa. Ni kuma kullum ina cewa sai zuciyata ta gama sauka. Na lura ya daina riƙe sanda, yana dafa bango in zai tashi, ban taɓa tambayarsa dalili ba. Ina jin haushinsa, ina kuma son sa, na ɗauka akwai sauran lokaci.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa fatiha mutane sun fara raguwa, mahaucin ya dawo da wani dogon abu naɗe a buhu. Ya tsuguna a gabana ya warware da hannu ɗaya. Sandar ce, fatar mariƙinta ta bushe ta tsage.

Ya ce, "Bayan an sake ka na kawo masa, ya ƙi karɓa. Ya ce in riƙe, ranar da ka miƙa masa hannu kai za ka zo ka karɓo masa. Shekara huɗu duk wanda ya yi sallama sai in ce ko kai ne."

Na dubi hannun da ke cikin aljihunsa, ya ƙanƙance kamar na yaro. Kotu ta wanke ni, kuma tun ranar ban taɓa ce wa mutumin nan ko sannu ba. Na cire hulata, na durƙusa a kan tabarmar da Kawu ya durƙusa, na ce, "Na yi laifi." Sauran maganar ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta.

Ya ce, "Na yafe." Ya sa hannun hagu ya ciro na daman daga aljihu, ya ɗora shi a tafina. Sanyi ne da shi, ba nauyi. Inna tana bayan labule, a nan na fara jin kukanta tun da aka yi rasuwar.

Da la'asar na ɗauki sandar na tafi maƙabarta. Ƙasar kabarin ba ta gama bushewa ba. Na tsuguna ta wajen kansa na ce, "Kawu, na karɓo maka. Na yafe." Na faɗa da ƙarfi, yadda yake so a faɗa, don ba ya karɓar magana a ciki-ciki. Na miƙa hannu na ɗora a kan ƙasar, na bar shi a nan har aka kira magariba. Ban sani ba ko ya isa gare shi, wannan sai Allah. Ya jira shekara huɗu, ni kuma na makara da kwana uku.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yafe masa abin da hannunsa ya yi, Ka saka masa da abin da ya jure. Ni ma Ka yafe mini jinkirina.